Bitar malamai a Bauchi: Shin gwajin salon koyo ya cancanci kuɗin gwamnati?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma daga ciki ake tura wa hukumomin SUBEB na jihohi, har da ta Bauchi, kason horar da malamai. Saboda haka abin da ake koya wa malamin firamare a zauren bita a garin Bauchi ya shafi jami'in da ke sa hannu a takarda a Abuja.

Wani darasi da ya samu karɓuwa a tarukan bita a ƙasashe da dama shi ne na salon koyo. Ana raba wa mutum takardar tambayoyi, a ce da shi mai koyo da ido ne, ko da kunne, ko da karatu, ko da aikin hannu. Neil Fleming na ƙasar New Zealand ne ya tsara fitaccen samfurinsa mai suna VARK a 1987.

Sai dai bincike bai goyi bayansa ba. A 2004 Frank Coffield da abokan aikinsa a Ingila sun ƙirga irin waɗannan tsare-tsare har 71, suka tarar galibin waɗanda suka tantance ba su cika sharuɗɗan ingancin awo ba. A 2008 Harold Pashler da wasu masana uku a Amurka suka nuna babu gamsasshiyar hujjar cewa ɗalibi ya fi fahimta idan aka koyar da shi bisa salon da aka laƙaba masa. Darasi ne ke zaɓar hanyarsa: taswira sai an gani, furucin harafi sai an ji.

Bauchi tana da abin kwatance a gida. Shirin NEI Plus na hukumar USAID, wanda ya yi aiki a Bauchi da Sakkwato, ya horar da malamai kan littattafan Mu Karanta, aka riƙa auna kalmomi nawa yaro zai karanta daidai a minti ɗaya. Wannan awo ne da uban yaro ma zai iya tabbatarwa.

Ranar bita ɗaya da ta tafi a kan rarraba yara gida-gida ta rage wa malami lokacin koyon yadda zai karantar da aji mai cunkoso. Don haka kafin UBEC ko SUBEB su amince da kundin wani mai horarwa, ya kamata ya fara kawo shaidar cewa yaran da malamansu suka bi tsarinsa sun fi takwarorinsu iya karatu da lissafi.