Kwamfuta Ba Ta San Tafin Giwa Ba

Cutar da ta cinye gonakin citta a Kaciya da Kwoi da kewayen Kafancan a 2023 ta taɓa har aljihun 'yan Arewa masu sayar da ita a Ikko. In za a yi shirin gaba, sai an tattara sanin manoma. To, sanin yana cikin kawunansu, masu jera ilmi a kwamfuta kuwa ba su bambance Tafin Giwa da Yatsun Biri.

Tun 1995 masanan Jami'ar Zurich suka soma tsara wani taƙaitaccen Turanci, Attempto, inda kowace jimla ma'ana ɗaya gare ta, kwamfuta ta karɓe ta a matsayin ƙa'ida. Watau gwanin sana'a shi ke shigar da saninsa, ba tafinta.

Lalle Hausa ta cancanci irin wannan. "Kowane Tafin Giwa citta ce. Babu Yatsun Biri da yake Tafin Giwa." Wane manomi wannan za ta gagara? In wani ya rubuta akasin haka, injin ya nuna saɓanin. Masu cewa Hausar ba armashi gaskiyarsu, amma ba waƙa ake nema ba.

Tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Kaduna tana nan Kafancan. Ita ya kamata ta fara, kana a bi da Hyam da Jju da Tyap.