Daga Bashin Mai Jirgi Zuwa Sa Hannun Kafili

Kafin gas, kafin dogayen benayen da suka jeru a bakin tekun Doha, da lu'ulu'u Katar take ci. Mai nutso yakan karɓi bashi wajen mai jirgi ya bar wa iyali na cefane, sannan ya shafe kusan wata huɗu a teku, da matsi a hanci da dutse a ƙafa don ya kai ƙasa da wuri. In kakar ba ta yi kyau ba, bashi ya kwana, shi kuma ba damar komawa jirgin wani sai an biya. Wajen 1930 Japan ta cika kasuwa da lu'ulu'un kiwo, ga tattalin arzikin duniya ya karye. Jirage suka zauna a gaɓa, mutane suka watsu neman abinci.

Japan ɗin ce dai, a 1997, ta fara karɓar iskar gas ɗin Katar. Kuɗi suka shigo, a Disamba 2010 kuma ƙasar ta samu baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 2022. Leburori suka yi ta kwarara daga Nepal da Indiya da Bangaladash da Kenya. Tsarin kafili suka tarar a lokacin, wanda ya yi zaman Saudiyya kuwa ba sai an yi masa bayaninsa ba: kafili ne ya kawo ka, sai da sa hannunsa za ka sauya aiki, sai da izininsa za ka je gida ko da rasuwa aka yi maka.

Ni dai ban yarda tausayi kaɗai ne ya sassauta igiyar nan ba. Mai kaya a kasuwa ba ya son a ɓata masa suna. A 2014 ƙungiyoyin ƙwadago suka kai ƙarar Katar gaban hukumar ƙwadago ta duniya, ILO. A Yunin 2017 Saudiyya da Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka toshe mata hanya, har sai da aka ɗauko shanun madara ta jirgin sama. Ƙasa mai neman abokai cikin gaggawa, kunnenta yakan buɗe. A 2018 ILO ta buɗe ofis a Doha, aka soke izinin fita ga yawancin ma'aikata. A Agustan 2020 aka soke takardar amincewar kafili: ka ba da sanarwar wata ɗaya, ko biyu in ka haura shekara biyu, ka tafi inda ya fi maka. Aka kuma tsayar da mafi ƙarancin albashi Riyal 1,000, da 500 na masauki, da 300 na abinci.

Dokar Katar ta hana a karɓi kuɗin ɗaukar aiki daga hannun ma'aikaci. Amma yaron da ya jinginar da gonar gado a Kano don ya biya ejan, ko kafili ya riƙe masa albashin wata uku, shiru zai yi. Wayar gida ba ta daina shigowa, mai bin bashi kuma ya san ƙofar mahaifinsa.