WAI WASA NE KAWAI? GABAR DA AKE SAYAR MANA A WASANNIN INTANET

 

Yau magana zan yi a kan abin da na san iyayenmu da yawa za su kira shirme, wato wasannin kwamfuta da ake bugawa ta intanet. Ina nufin irin wanda mutum zai shiga ya ƙirƙiri gwarzonsa, ya raɗa masa suna, ya zaɓar masa jinsi da sana'a, sannan ya zauna cikin rigarsa wata da watanni tare da dubban mutane daga ƙasashe daban-daban. Jinsunan nan na tatsuniya ne. Akwai ɗan Adam, akwai Elf mai dogon kunne, akwai Orc kore mai haure, akwai wada gajere mai gemu. To da zarar ka zaɓi naka, abu na farko da wasan zai sanar da kai shi ne wa ya tsane ka, kai kuma wa za ka tsana. Idan wani ya ɗaga murya a kan haka, amsa ɗaya ake ba shi: haba malam, wasa ne kawai. Ni dai ban yarda da wannan amsa ba, kuma ga dalilaina.

Tun farko bari in fito da matsayina fili, kada a yi mini mummunar fahimta. Ban ce a share ƙiyayya daga cikin labari ba, domin tatsuniyar da babu Kura a ciki ai ba ta da armashi. Abin da nake cewa shi ne, duk wanda zai saka ƙiyayyar jinsi a wasansa wajibi ne ya yi abu 2. Ya sa mata farashi, yadda wanda ya zalunci wani don launin fatarsa zai ɗanɗana kuɗarsa. Ya kuma bar ƙofa a buɗe, yadda wanda aka tsana zai iya canza sunansa da aikinsa. Wasan da ya rasa waɗannan biyun ƙarya yake koyarwa, kuma yana karɓar kuɗi a kan ƙaryar.

Mu fara da wanda ya kamanta. A shekarar 1999 wani reshen kamfanin Sony a Amurka ya fitar da EverQuest. A wasan nan kowane gari da kowace ƙungiya suna riƙe da lissafin mutuncinka, kamar yadda ɗan kasuwa ke riƙe littafin bashi. Ka kashe dogarin gari, lissafinka ya faɗi, gobe ka dawo mai shago ya ƙi sayar maka, jibi dogarai su far maka tun daga ƙofa. Jinsunan da ake ɗauka miyagu, irin su Troll da Ogre da baƙin Elf, idan za su ratsa birnin Freeport sai su bi ta ramukan ƙarƙashin gari. A shekarar 2000 aka ƙaro jinsin Iksar, masu siffar ƙadangare, waɗanda in ban da garinsu Cabilis kusan ko'ina suka nufa kisa ake yi musu da gani. Wanda ya zaɓi Iksar ya san ya zaɓi wahala. Amma duk da haka akwai garuruwan da in ya dage yana yi musu aiki, yana yaƙar abokan gabarsu kwana da kwanaki, a hankali kallon banza zai koma kallon tuhuma, tuhuma ta koma haƙuri da shi, har ranar da zai shiga kasuwarsu ya yi ciniki ya fito lafiya. Ka ga a nan ƙiyayya tana da nauyi, tana kuma da magani. Abin da ka shuka shi kake girba.

Yanzu mu zo kan babban mai laifi. A watan Nuwamban 2004 kamfanin Blizzard ya fitar da World of Warcraft, wasan da a 2010 masu biyan kuɗin wata a cikinsa suka kai miliyan 12. An raba duniyar gida 2. Ɓangaren Alliance yana da ɗan Adam da wada da Gnome da Elf na dare. Ɓangaren Horde yana da Orc da Troll da Tauren masu siffar bijimi, da matattun da suka tashi. Jinsin da ka zaɓa a minti na farko shi zai yanke maka ɓangare. A wancan lokacin, daga nan ba ka da ikon shiga tawaga ɗaya da ɗan wancan gefen, ba ka aika masa saƙo, ba ka miƙa masa kaya hannu da hannu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne harshe. Mutum 2 suna rubuta Turanci iri ɗaya, wataƙila ma a gari ɗaya suke zaune, amma na'ura da gangan take dagula rubutun ɗaya kafin ya isa ga ɗayan, ya koma surutun da ba shi da ma'ana. Mai karatu, don Allah me ake kiran wanda ya toshe wa mutum 2 baki sannan ya miƙa wa kowannensu takobi?

Kada wani ya ce ai kamfanin bai iya tsara ta wata hanya ba. Ya iya sarai. A cikin wasan akwai wasu gajerun halittu masu son kuɗi da ake kira Goblin, suna da garuruwa irin su Booty Bay da Gadgetzan. Wanda ya karkashe dogaran Booty Bay don 'yan fashin teku su ba shi wata hula, to garuruwan Goblin za su juya masa baya, kuma kafin ya wanke kansa sai ya yi aikin da zai gwammace kiɗa da karatu. Ashe dai sun san yadda ake ɗaura hukunci a kan aiki. A kan babbar gabar ce kawai suka ɗaura shi a kan haihuwa.

Ga wani lissafi da duk ɗan kasuwa zai gane nan take. Shekara da shekaru, idan ka sayar da kaya a gidan gwanjon ɓangarenku, la'adar da ake cira kashi 5 ne cikin 100. A wancan lokacin, idan kuwa kana son kayanka su tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren, dole ka kai su gidan gwanjon Goblin, inda la'ada ta kai kashi 15. Wato a cikin labarin ma dillali ne ke cin ribar rashin jituwa. A wajen labarin kuma, a 2009 kamfanin ya buɗe ƙofa guda ɗaya a jikin katangar: ka biya dala 30 a sauya maka ɓangare. Kuma da sharaɗin sai ka tuɓe jinsinka, Orc ya wayi gari ɗan Adam. Shekara 5 kana aikin kirki ba za ta sa dogarin birnin Stormwind ya bar Orc ya wuce ba, amma dala 30 da sabuwar fata za su yi. Gaba ta kai su, gobarar Titi.

Abin bai tsaya nan ba. A 2012 aka shigo da jinsin Pandaren, waɗanda ke tashi a tsibiri ɗaya, daga baya kowa ya zaɓi ɓangare. A lokacin, da zarar sun zaɓa, 'yan uwan da suka taso tare sun daina jin maganar juna. A 2018 kuma marubutan wasan suka sa shugabar Horde, Sylvanas, ta ƙone Teldrassil, ƙatuwar bishiyar da birnin Elf na dare yake a kanta. 'Yan Horde sun bi yaƙin da ya kai ga haka ba tare da an ba su zaɓin ƙin yarda ba, har wasunsu suka riƙa cire sulken kafaɗa don nuna ba da yawunsu aka yi ba. 'Yan Alliance kuwa aka ce su ceto mutum 982 cikin minti 3, aikin da aka tsara shi yadda ba zai yiwu ba. Sai ƙarshen 2023 aka ba Elf ɗin wata sabuwar bishiya. Lura da yadda aka raba sakamakon. Wanda aka zalunta ya shekara 5 ba gida. Wanda ya yi rakiyar zaluncin ba a hukunta shi a kan aikinsa ba, kuma wanda ya ƙi a ransa ba a ba shi hanyar nunawa a cikin labarin a lokacin ba.

Na san wani zai ce ai wannan kamar wasan Kanawa da Zagezagi ne, ko na Fulani da Barebari, ana tsokana ana dariya. Wallahi ba su yi kama ba. Taubashinka kana jin maganarsa, kana rama masa, kuna cin tuwo a kwano ɗaya, ranar da aka yi masa rasuwa kai ne a sahun gaba. Tsokanar tana yin daɗi ne saboda zumuncin da ke ƙarƙashinta. Ka cire magana, ka cire ciniki, ka cire zama tare, abin da ya rage gaba ce tsagwaronta. Shi ya sa a taron BlizzCon na 2011 aka nuna bidiyon wani mawaƙi yana zagin masu buga Alliance da munanan kalmomi, har sai da shugaban kamfanin na lokacin, Mike Morhaime, ya fito ya ba da haƙuri. Mutane masu jini da tsoka aka zaga a ranar. Wargi ma wuri gare shi.

Wanda har yanzu yake ganin abin ba ya tsallake allon kwamfuta, to ya ji labarin Lineage II, wasan ƙasar Koriya ta Kudu da ya isa Amurka a 2004. A wancan zamani akwai matasa, da yawansu a ƙasar Sin, da aka ɗauka aikin tara kuɗin cikin wasanni don a sayar wa masu hali da kuɗin gaske. Ana kiransu manoman zinari. Ɗan jarida Julian Dibbell ya rubuta a jaridar New York Times a 2007 cewa masu irin wannan aiki a World of Warcraft suna yin awa 12 a rana a kan kimanin senti 30 kowace awa. A Lineage II sun fi amfani da macen wada, saboda jinsin wada ya fi iya tattara kaya. Sai me ya faru? Kamar yadda mai bincike Constance Steinkuehler ta bayyana a 2006, sai 'yan wasa suka ɗauki duk wata macen wada a matsayin Basine mai noman zinari, ana zagi, ana kora, ana kashewa. Wanda ya zaɓe ta don sha'awa kawai, a ko'ina yake a duniya, shi ma ya sha. Jinsin tatsuniya ya koma tambarin wata al'umma ta gaske, kuma aka bar masu sayen zinarin aka kama talakan da ke nomansa.

A nan ne maganar ta taɓo mu, kuma ba sai na ja ta da tsawo ba. Duk wanda aka taɓa kira aboki da irin muryar nan da muka sani, don kawai an gan shi da hula, ya san halin da macen wada ta shiga. Rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021 daga saɓanin mutane ƙalilan ya faro, amma shagunan da suka ƙone na waɗanda ba su ji ba su gani ba ne, daga kowane ɓangare. Kuma kada mu yi saurin wanke hannu, domin sunayen da ake kiran wasu ƙabilu da su a zaurukanmu ba su fi aboki daɗin ji ba. Yaron da ya shafe awa ɗari-ɗari yana koyon cewa siffa ita ke nuna abokin gaba, kuma wancan gefen ba a ma yi masa magana, wane darasi zai fito da shi bakin titi?

Gaskiya ne an fara gyara. A watan Mayun 2022, bayan kusan shekara 18, Blizzard ya yarda 'yan ɓangarorin 2 su shiga tawaga ɗaya, a 2023 kuma aka yarda su zauna a ƙungiya ɗaya. Amma a tuna an yi haka ne bayan ƙwararrun 'yan wasa sun yi ta kwarara zuwa Horde, har 'yan Alliance suna shan wuyar samun abokan tafiya. Katangar ta fara cin kasuwa, shi ya sa aka sassauta ta. Su ma masu Dungeons & Dragons, wasan tebur na 1974 da waɗannan duka suka ɗebi tsari daga gare shi, sun faɗa a 2020 cewa za su daina nuna Orc da baƙin Elf a matsayin miyagu tun daga haihuwa. Na yaba da wannan. Sai dai ba na tare da masu son a goge tarihin zalunci gaba ɗaya a mai da kowa ɗan lele, domin wannan ma wata ƙaryar ce. A bar mai ƙiyayya a cikin labari, amma a bar ni in ga kasuwarsa tana mutuwa saboda halinsa, a kuma bar ni in ga baƙon da ya yi haƙuri ya samu rumfa a tsakiyar gari.

Saboda haka shawarata ga yayye da iyaye, hana yara wasa ba zai yi aiki ba, waya tana aljihunsu. Gara ka zauna kusa da ƙaninka ka tambaye shi su wa yake kashewa, kuma me suka yi masa. In ya ce sun ƙone masa gari ne, ku ci gaba da hira. In kuwa ya ce ai su haka jinsinsu yake, to akwai aiki a gabanka, kuma kada ka yarda ya rufe maka baki da cewa wasa ne kawai.

Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, bismillah, ƙofa a buɗe take. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai mun haɗu a karo na gaba.