Mota ba ta shan ruwa, yoyo take yi 🧵

1/ Jama'a, in dai kullum da safe sai kun ƙara wa lagireto ruwa kafin ku tayar da mota, ku daina kiran abin "kula da mota". Ciwo ne kuke lulluɓewa. Ku biyo ni, don ni da aljihun Babanmu muka koyi wannan darasin.

2/ Hutun da ya wuce ni ke jan tsohuwar motar Baba. Kullum sai na zuba mata leda biyu ta fiya wata. Na tambayi wani bakanike, ya ce: "Ɗan samari, ai tsohuwar mota dama tana shan ruwa." Na yarda. Ranar da zan koma Zariya daga Kano, muna wuce Kwanar Dangora allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe bonet.

3/ Gaskit ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe. Kuɗin da Baba ya ware na rajistata a gareji ya ƙare, sai da Yaya ya kawo ɗauki. Da aka bincika asalin matsalar kuwa, wani ɗan tiyo ne ya tsage kusa da kilif. Abin da bai kai kuɗin hidimata ta mako ɗaya a makaranta ba. Wallahi har yau abin na min ciwo.

4/ Ga abin da ban sani ba a lokacin. Hanyar ruwan mota a rufe take ruf. Famfo ya tura ruwa cikin injin, ya kwaso zafi, ya je lagireto iska da fanka su sanyaya shi, ya dawo. Ba ƙona shi ake yi kamar fetur ba. In yana raguwa duk kwana biyu, to akwai inda yake fita.

5/ Ko dai waje yake zuba, ko cikin injin. A fara da na waje. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare, ka duba da safe. Ruwan AC garau yake, ba wari. Na lagireto yana da launi ko tsatsa, da ɗan santsi a hannu.

6/ Injin na sanyi, ka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya kana matsawa, ka duba bakin kilif, da inda robar lagireto ta haɗu da ƙarfe, da ƙasan famfon ruwa. Farin busasshen tabo kamar kanwa alamar yoyo ne. Kafet ɗin gaba in ya jiƙe da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, hita ce ke zuba.

7/ Kar ka raina murfin lagireto. Ruwa na tafasa a digiri 100, amma murfin na riƙe matsin kusan ba 1, wanda ke kai tafasar wajen digiri 120. Robarsa na mutuwa, ruwa ya riƙa ficewa a tururi, kai kuma ba ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba.

8/ Na cikin injin shi ne mugun. Farin hayaƙi daga salansa da ba ya yankewa ko mota ta yi ɗumi. Baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Kumfa na ta tasowa a 'yar robar ruwa ta gefe. Ka ga ɗaya daga ciki? Ajiye makulli. Kowace tafiya ƙarin ɓarna ce.

9/ In ka duba ba ka gani ba, akwai ɗan famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin lagireto a matsa iska, wurin yoyon ya tona kansa. Ka ce wa mai gyara: "Oga, don Allah a gwada matsi tukuna kafin a kwance komai." Kuɗinka ne, kana da haƙƙin tambaya.

10/ Yanzu inda za mu yi rigima da wasunku. Cire tamosta wai don "ƙasarmu akwai zafi" ba gyara ba ne. An ƙera injin ya yi aiki a wajen digiri 90, tamosta ce ke tsare masa hakan. Ka cire ta, injin ya daɗe bai yi ɗumi ba, ya ƙara shan mai, yoyon kuma yana nan inda yake.

11/ Haka fasa ɗanyen ƙwai a lagireto. Ya iya toshe ƙaramar ɓula ka fita daga daji, amma siraran hanyoyin ruwan ma yana toshe su.

12/ Wani zai ce ruwan kulan na masu ƙanƙara ne, mu me ya haɗa mu? Ai ba hana daskarewa kaɗai yake yi ba. Yana hana tsatsa, yana ƙara ɗaga tafasa. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa suna barin dasashi a ciki kamar gindin tsohuwar butar shayi. Ka sayi irin da littafin motarka ya faɗa, kuma a ɓoye wa yara da dabbobi: zaƙi gare shi, amma guba ne.

13/ Na san babu kuɗi, ni ma ɗalibi ne. Kuma ban ce ka tsaya a daji don babu kulan ba, zuba ruwan da ka samu ka isa gari. Abin da nake ƙi shi ne dabarar kwana ɗaya ta zama ta wata shida. Rashin kuɗin ma shi ya sa ya kamata ka canza tiyo yau, kafin gobe a ce injin.

14/ In allura ta hau a hanya: kashe AC, kunna hita, gangara gefe, kashe mota. Ka jira aƙalla minti 30. Kar ka buɗe murfi da zafi, ruwan zai yi tsartuwa ya sale maka fuska. Kar kuma ka kwara wa injin ruwan sanyi. Bayan gyara, ka tabbata an fitar da iskar da ta maƙale a ciki.

15/ Gobe da safe, kafin ka tayar, ka ja layi da biro a jikin robar ruwan. Bayan kwana uku ka sake dubawa injin na sanyi. In ya sauka, ka san inda za ka nufa. A tura wa mai yawo da jarka a but, kun san shi 😅 Allah Ya tsare hanya.