Haƙƙin Ɗan Kamasho a Wuyan Mai Kaya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta ciniki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Duk wanda ke buɗe WhatsApp a ƴan kwanakin nan ya ci karo da irin sanarwar nan: ana neman matasa masu kuzari da iya magana domin tallata kaya, babu albashi, kamasho ne gwargwadon abin da mutum ya sayar. Mai shagon salula yana nema, haka mai fitilun sola da mai sabulu da turare, har da mai kwance dilar gwanjo. Sau da yawa wanda ya rubuta sanarwar yana sahun gaba a masallacinmu, wanda ya amsa ta kuma yana sahun baya. Tun da liman ɗaya muke bi, ya kamata mu duba abin da ke tsakanin mutanen nan biyu kafin ranar da za a duba mana.

Ba sai an gaya wa mutumin Gaya yadda aka zo nan ba. Garinmu gari ne na iyaka: Malanbil tana tsallaken kogin Isa, Kamba tana nan kusa a ƙasar Najeriya, hanyar Kwatano zuwa Yamai kuma ta kan gadarmu ta bi. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma zirga-zirga a kan gada ba ta dawo da ɗagewarsa ba. Masu dako da masu lodi da yaran mota da masu abinci a bakin tasha, da yawansu sun wayi gari hannu rabbana. Ɗan kasuwa shi ma ciniki ya ja baya, ba shi da ƙarfin ɗaukar yaro da albashi. Mai neman aiki ya yi yawa, mai kaya yana neman wanda zai kai kayansa ƙauye da unguwa, sai kamasho ya zama mahaɗarsu. A irin wannan hali mai kaya ne ke da ƙarfin faɗa a ji, shi ya sa mafi yawan maganata ta yau da shi nake.

Da farko, kada wani ya ɗauka sana'ar ce ke da laifi. Dillanci tsohuwar sana'a ce, iyayenmu sun ci la'ada a kasuwar dabbobi da ta hatsi, kuma akwai dillalai a Madina a zamanin Annabi (SAW). Sahabi Ƙaisu ɗan Abu Garaza ya ba da labarin cewa Annabi ya same su suna wannan aiki, ya kira su da sunan ƴan kasuwa, ya umarce su da su riƙa gauraya cinikinsu da sadaka saboda yasasshiyar magana da rantsuwa da ke shiga ciki. Imamu Buhari ya ware babi a kan ladan dillanci, ya kawo cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba.

Sai dai malamanmu na mazhabar Malikiyya sun raba ƙulla aiki gida biyu, kuma a nan ne ƙurar take. Na ɗaya shi ne ijara, wato jinga ko ƙodago: ka ɗauki mutum na wani lokaci sananne a kan lada sananne. Na biyu shi ne ju'ala: ka sa lada a kan sakamako, wanda ya kawo sakamakon ya karɓa, wanda bai kawo ba ba shi da komai. Malamai suna kafa hujjar ju'ala da aya ta 72 a Suratu Yusuf, inda aka yi alƙawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya zo da ma'aunin sarki da ya ɓace. Kamasho zalla, a asalinsa, ju'ala ne.

Wanda ya yi karatun zaure ya san abin da Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a Risala cikin babin ciniki. Ma'anar bayaninsa ita ce ba a yanka wa ju'ala wa'adi, kuma mai aikin ba ya samun komai sai aiki ya kammala. Amma wanda aka ɗauka ijara domin ya sayar da kaya zuwa wani wa'adi, idan wa'adin ya cika bai sayar ba, ladansa cikakke ya wajaba. Ku duba adalcin da ke cikin wannan rabo. Idan ka mallaki lokacin mutum, ka biya lokacin, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Idan kuwa sakamako kaɗai za ka biya, to lokacinsa nasa ne: ya fita sa'ad da ya so, ya tallata kayanka tare da na wani, ya ajiye aikin ranar da ya ga dama.

Yanzu ka dubi abin da wasunmu ke yi. Ka ce wa yaro kamasho ne, sa'an nan ka ce ya iso shago ƙarfe bakwai na safe. Shi zai buɗe, ya share, ya sauke kaya daga mota, ya tsare maka shago idan ka tafi ɗaurin aure, kuma ka hana shi taɓa kayan wani ɗan kasuwa. Magariba ta yi, bai sayar da komai ba, sai ka ce Allah ya kai mu gobe. Ɗan'uwa, wannan yini na wa ya yi wa aiki? Ka karɓi aikin ijara, ka biya da ladan ju'ala. Taura biyu ba ta taunuwa. Malamanmu sun sharɗanta a ju'ala cewa kada mai sa ladan ya amfana da komai sai aikin ya kammala, domin idan yana amfana da wahalar mutum ko da ba a kai ga sakamako ba, ya ci guminsa kyauta ke nan. Shara da dako da tsaron shago amfani ne da ka riga ka samu, kuma kowannensu yana da farashinsa a kasuwar Gaya.

Na san abin da za ka ce, kuma ban raina shi ba: kasuwa ta mutu, haya tana jira, ba ka da abin biyan albashi, kuma yaron da bakinsa ya yarda. Game da rashin hali, shari'a ba ta tilasta ka ɗaukar kowa da albashi ba. Ka tsaya a kan kamasho, amma ka sakar masa lokacinsa. In kuwa lalle kana bukatar mai zama a shago, ɗauki mutum ɗaya da za ka iya biya ya fi maka tara goma da za su tsaya maka a ranar hisabi. Game da yarda kuma, ka tambayi zuciyarka ko yardar wanda ya bar gida babu cefane daidai take da yardar mai zaɓi. Ƙullin da shari'a ta ɓata, yardar mabukaci ba ta gyara shi.

Abu na biyu shi ne ambaton lada. Kalmar nan ta "je ka sayar, ba za mu ɓata ba" ta ɓata zumunci mai yawa. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179, ya yi bayani a Muwaɗɗa cewa babu laifi ka ba mutum haja, ka ambata masa farashi, ka ambata masa lada sananne idan ya sayar. Amma bai yarda a ce masa yana da kaza a cikin kowane dinari ba, saboda duk lokacin da farashi ya sauka ladansa ya sauka, bai san abin da zai samu ba. Malaman Hambaliyya da malaman zamani da dama sun halatta a yanka kaso cikin ɗari, tun da ana sanin adadin da zarar ciniki ya faɗa. Wanda ya bi su yana da magabata. Wanda kuma yake son fita daga saɓani, hanya mai sauƙi ce: wannan fitila sefa 7.500 ce, a misali, kana da 500 a kan kowace ɗaya. A garin da sefa da naira ke yawo a aljihu ɗaya, a faɗi da wane kuɗi za a biya. Kowa ya ga yadda naira ta faɗi tun daga tsakiyar 2023, kuma ba adalci ba ne ka karɓi kuɗin kaya da sefa ka biya yaro da naira a kan tsohon canji. Dillalan da ma sukan tantance tun kafin a sallama, la'ada ciki ko la'ada waje. Kada mu zo mu kasa su.

Abu na uku ya fi ɓoyuwa. Yaro ya hau kabu-kabu da kuɗinsa, ya je Tanda ko Bengu ko Tunuga, ya yi kwanaki yana lallashin wani mai shago har ya gamsu. Mutumin ya zo gari, ya shigo wurinka kai tsaye ya sayi katan biyar, kai kuma ka san ta hannun wa ya zo. Ka yi shiru, ka ce a ranka ai ba a gabansa aka yi ba. A gaban wa aka yi, ɗan'uwa? Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira hadisi ƙudusi da ke ambaton mutum uku waɗanda Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama, cikinsu akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa. Yaron ba shi da rasit, ba zai kai ka ƙara ba, wataƙila ma ba zai taɓa sani ba. Wannan rashin gatan nasa shi ya kamata ya fi tsorata ka.

Haka batun asara. Kayan da ke hannun ɗan kamasho amana ce, kuma amintacce ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare umarni. Ruwan sama ya kama shi a hanya duk da ya yi iya ƙoƙarinsa, ko ɓarawo ya tare shi, asarar ta mai kaya ce. Idan kai ka ba shi izinin bayar da bashi, mai saye ya ƙi biya, kada ka zare daga kamashonsa na wasu kayan. Amma in ka hana shi ya bayar, ya bayar, to ya ɗauki abin da ya jawo.

Ku kuma yi hattara da wani abu da ke sanye da rigar kamasho alhali ba shi ba ne: a ce sai ka biya kuɗin shiga, ko ka sayi wani kaya mai tsada, sa'an nan ribarka ta dogara ga yawan mutanen da ka jawo su ma suka biya. Inda kuɗi ke fitowa daga aljihun sababbin shiga maimakon cinikin haja, na ƙarshe ne ke ɗaukar asara, kuma na ƙarshen nan yawanci ƙaninka ne ko maƙwabcinka, domin su ne suka yarda da kai.

Kai kuma matashi, kada ka ji an yi ta faɗa wa mai kaya ka ɗauka kai ka tsira. Wanda cikinsa ya rataya a kan ciniki ya faɗa, harshensa na cikin haɗari. Kada ka rantse da Allah a kan batir ɗin da ka san ba ya riƙe caji. Muslim ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi a kan ɓoye aibi, ya kuma barrantar da kansa daga mai algus. Kada ka sa abokinka ya zo ya yi tayin ƙarya don mai saye ya ƙara, wannan shi ne najashi da aka hana. Idan mai kaya ya ce 7.500 ka sayar 8.500, rarar tasa ce. Ko Ibnu Abbas da aka ruwaito ya halatta wa dillali rara, ya halatta ne inda mai kaya ya faɗa da bakinsa. Kuɗin ciniki kuma ba naka ba ne ko na dare ɗaya, kada ka juya shi da niyyar za ka mayar. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Idan kuma ladan ya kira sallar Juma'a, aya ta 9 a Suratul Jumu'a ba ta ware ɗan kamasho ba.

Maganin mafi yawan abin da na lissafa ba ya cin ko dala. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma kamashon da ba a biya nan take ba bashi ne. Kafin yaro ya ɗauki kaya, ku zauna da shaidu biyu, ku rubuta da boko ko da ajami: farashi, da lada, da irin kuɗin, da ranar biya, da hukuncin mai sayen da ya dawo da kansa, da ko an yarda a ba da bashi. Wanda ba ya rubutu, ya naɗi murya a salula, kowa ya riƙe tasa. Wasu na jin kunyar haka, wai kamar rashin yarda ne. Kunyar minti goma ta fi gabar shekara goma sauƙi.

Ya kai mai kaya, yau da dare bayan isha'i ka ɗauki littafin shagonka, ka bi sunayen yaran da suka taɓa tallata maka, har da waɗanda suka gaji suka tafi. Duk wanda ka ga akwai haƙƙinsa, ka neme shi ka biya, ko ka nemi yafiyarsa tun ana biya da sefa. Wanda al'amarinsa ya rikice masa, ya samu malami bayan salla ya warware masa dalla-dalla, domin kowane ƙulli da yanayinsa.

Allah ya buɗa mana hanyoyin arziki na halal, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya rufa wa matasanmu asiri, ya raba mu da haƙƙin bayinsa. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.