Kafin A Miƙa Wa Ma'aikaci Takardar Sallama

Tun daga ran 29 ga Mayu, 2023, da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, sa'an nan darajar Naira ta faɗi a watan da ya biyo baya, masu masana'antu da kantuna suka shiga kukan tsadar dizal da kayan aiki. Kukan nan gaskiya ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne al'adar nan ta cewa da zarar ciniki ya ja baya, sai a fara da korar ma'aikata.

'Yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan sun fi kowa sanin zafin wannan al'ada, domin da yawansu masu gadi ne da direbobi da leburori, waɗanda akan ɗauka ba takarda, a kuma sallame su ba ko sisi. Dattawa ba su manta da zamanin tsuke bakin aljihu na Shugaba Shehu Shagari a 1982 ba, da kuma rage ma'aikatan da aka yi a 1984, lokacin da magidanta da dama suka ɗaure kayansu suka nufi tashar jirgin ƙasa ta Iddo. Albashin mutum guda a Ikko yakan ciyar da gida biyu, na nan da na can ƙauye.

To, akwai wata hanya? Akwai, kuma an gwada ta. Mazauna Ikko sun san kamfanin motoci na Volkswagen, wanda har yau ake kiran wata tashar mota da sunansa a kan hanyar Badagiri. A ƙarshen 1993 uwar kamfanin a ƙasar Jamus ta ga tana da rarar ma'aikata wajen 30,000. Maimakon ta kore su, sai ta zauna da ƙungiyar ƙwadago, aka daidaita a kan a rage aikin mako daga awa 36 zuwa awa 28 da minti 48, watau kwana huɗu. Albashin kowa ya ragu, amma kowa ya ci gaba da zuwa aiki, kuma da kasuwa ta farfaɗo kamfanin bai sha wahalar neman ƙwararru ba.

Darasin a fili yake: idan tuwo ya yi kaɗan, akan rage wa kowa loma ne, ba a korar wasu daga bakin akushi. Ya kamata mai kamfani ya fara ragi daga sama, watau alawus ɗin manajoji da sayen sababbin motoci da tafiye-tafiyen da ba dole ba. Daga nan ya dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikata da aikin obataim, ya mai da waɗanda aikinsu ya tsaya zuwa sashen da ke bukatar hannu. In abin ya ƙi, sai a rage kwanakin aiki ko a riƙa hutun karɓa-karɓa, amma da yardar ma'aikata, a rubuce, tare da ranar da za a koma yadda ake. Wanda ya buɗe wa ma'aikatansa littafin ciniki suka ga halin da ake ciki, zai same su da haƙuri fiye da yadda yake zato.

Hukuma ma tana da abin yi. A watan Mayu na 2020, lokacin annobar korona, Babban Bankin Nijeriya da shugabannin bankuna sun yi shawara suka dakatar da korar ma'aikatan banki. Abin da aka iya yi wa mai ɗaura nakatai, ana iya yi wa mai gadin ƙofarsa.

In kuwa sallama ta zama tilas, sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce sai an sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a fara da wanda ya zo daga baya tare da duba cancanta, a kuma yi iyakar ƙoƙari a daidaita a kan kuɗin sallama. Sashe na 7 kuma ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da kama aiki.

Saboda haka kira na farko ga masu kamfani ne, su tuna wuya ba ta ɗorewa, amma amintaccen ma'aikaci in ya tafi samun irinsa sai an tona. Na biyu ga sarakunan Hausawa na unguwanni ne, su riƙa faɗakar da jama'arsu kada kowa ya zauna a wurin aiki ba takarda, kuma a shiga ƙungiya. Wanda ba sunansa a rajista, shi ake fara mantawa da shi ranar rabon haƙƙi.