Koron Kasuwa da Koron Kwamfuta

A wannan wata zancenmu a kan awo ne. Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Gero a nan Injamena ya san da koro ake auna hatsi. Mai saye ya san girmansa, mai sayarwa ya sani, shi ya sa ake rabuwa lafiya. To da a ce kowane ɗan kasuwa yana da nasa koron a ɓoye cikin riga, wa zai yarda da wa?

Abin da ya kawo maganar, wani maƙwabcinmu ne mai shago, wanda ke saro kaya daga Kuseri. Shekara uku yana rubuta bashin mutane a cikin wata manhaja da wani yaro ya ɗora masa a kwamfuta. Yaron ya yi tafiya, kwamfutar ta lalace. An ciro fayil ɗin lafiya lau, amma aka rasa manhajar da za ta buɗe shi, domin masu ita su kaɗai suka san yadda suka tsara ajiyarsu. Masu tsoron Allah suka kawo kuɗinsa, saura suka ce a nuna musu rubutu. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Maganin wannan shi ne buɗaɗɗen ma'auni, wato tsarin ajiya da aka wallafa a fili, kowa na iya aiki da shi. A 2006 hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta amince da tsarin OpenDocument na takardu da jadawalin lissafi. Manhajar LibreOffice, wadda aka kafa a 2010, da shi take ajiya, kuma kyauta ce. Gwamnatin Birtaniya ta ɗauke shi a 2014 don takardun da ake aiki a kansu tare. In wannan manhaja ta mutu, wata za ta buɗe.

Mu ma muna da namu koron. Chadi tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, yarjejeniyar da aka ƙulla a 1993, kuma tsarin lissafinta na SYSCOHADA da aka gyara ya fara aiki a 2018. Manhajar da ba ta bi shi ba, sai akanta ya sake aikin da hannu.

Sai dai kyauta dabam, sauƙi dabam. Manhajojin kasuwanci irin su Odoo da Dolibarr a buɗe suke, amma a Turai aka haife su. Mu nan da riyal muke ciniki, sefa biyar ke nan, kwamfuta kuwa sefa ta sani. Rasiɗinmu wani da Faransanci, wani da Larabci daga dama zuwa hagu, ga kuma ƙ da ɗ da ɓ na sunayenmu, waɗanda ma'aunin Unicode ya tanada. Masu ɗora mana manhaja su lura da waɗannan. Su kuma kiyaye ƙa'idojin sauƙi: maɓallin ajiya ya zauna wuri ɗaya, a tambayi mutum kafin a goge, in ya yi kuskure ya iya komawa baya. A aji mun sani, darasin da ɗalibi ya kasa ganewa, malami ake fara tuhuma.

Saboda haka kafin mu biya kowa, mu tambaye shi: za mu iya fitar da lissafinmu mu buɗe a wata manhaja? Ya nuna mana a gabanmu. Sannan a zaunar da yaron shago ya rubuta ciniki goma ba mai taimakonsa. In ya kasa, a nemi wata. Ƙarshen kowane wata kuma a buga bashin a takarda a adana.

Allah Ya sa albarka a kasuwa. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.